Kuɗin mai, filin yara: labarin dokar 1964 da ta kai wuraren shaƙatawa ƙananan garuruwan Amurka

 Waɗanda data ba ta bari su saurari muryar, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau Amurka za mu je, can ƙananan garuruwanta, irin waɗanda mutanensu ba su wuce dubu biyu ko uku ba. Idan ka shiga irin wannan gari, sau da yawa za ka tarar da wani fili mai ciyawa, da lilon yara, da wurin ƙwallon kwando, da 'yan tebura a ƙarƙashin rumfa. A bakin ƙofar filin kuma akwai wani ɗan allo da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba, wanda ke cewa an yi wurin da tallafin wani asusu mai suna LWCF, wato Asusun Kare Ƙasa da Ruwa. To, tarihin wannan allon ne shirinmu na yau. Daga ina kuɗin suka fito, me ya sa suka sha yankewa, kuma me ya hana a yanka filayen a sayar lokacin da kuɗin suka daina zuwa?

Mu fara daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sojoji sun dawo gida, an yi ta aure, an yi ta haihuwa, albashi ya ƙaru, motoci sun yi yawa. A 1956 gwamnatin Shugaba Eisenhower ta kafa dokar shimfiɗa manyan tituna tsakanin jihohi. Kun ga mutum yana da mota, yana da hutun ƙarshen mako, ga yara cike da gida, dole ya nemi inda zai kai su. Sai gandayen daji da bakin tafkuna suka cika maƙil, su kuma gonakin da ke gefen birane aka riƙa mayar da su unguwanni.

A 1958 majalisar dokoki ta kafa wani kwamiti don ya binciko me ƙasar za ta buƙata ta fuskar shaƙatawa a waje daga nan zuwa shekara ta 2000. Shugabansa shi ne Laurance Rockefeller, jikan attajirin man nan John D. Rockefeller. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a farkon 1962, ya yi hasashen cewa buƙatar za ta ninka sau uku kafin ƙarshen ƙarnin. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne maganar nisa. Amurka tana da ɗimbin filayen gwamnati, sai dai yawancinsu suna yammacin ƙasar da Alaska, alhali mutane sun fi yawa a gabas. Kuma abubuwan da jama'a suka fi yi masu sauƙi ne: yawo a mota, tafiya a ƙasa, ninƙaya, cin abinci a ƙarƙashin bishiya. Wato ma'aikacin da ya tashi aiki da yamma, gandun dajin da ke nisan kwana biyu a mota bai amfane shi da komai ba. Fili yake so a bayan gida.

Shugaba Kennedy ya karɓi shawarar, shi da Stewart Udall, ministan da ke kula da filayen gwamnatin tarayya. A 1962 suka buɗe ofishi na musamman kan harkar shaƙatawa a waje, a 1963 kuma Kennedy ya aika wa majalisa daftarin dokar asusun. Bai ga ƙarshenta ba, don a watan Nuwamban wannan shekarar aka harbe shi a Dallas. Magajinsa Lyndon Johnson ne ya sa mata hannu ranar 3 ga Satumba, 1964, ta fara aiki a farkon 1965.

Akwai wani abu game da wannan shekara da bai kamata mu wuce shi ba. Wata biyu kafin nan, ranar 2 ga Yuli, Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin jama'a, wadda ta haramta wariyar launin fata a duk wani shiri da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A kudancin Amurka kuwa, wuraren wasa da na ninƙaya suna cikin inda wariya ta fi tsanani. Birnin Montgomery na jihar Alabama ma rufe wuraren shaƙatawarsa ya yi gaba ɗaya a 1959, don kada baƙi da farare su haɗu a ciki. Saboda haka duk garin da ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin sabon asusun, ya amince kenan, ko da a takarda, cewa filin na kowa ne.

To, daga ina kuɗin za su fito? Da farko an dogara ne da hanyoyi uku: kuɗin shiga wuraren shaƙatawa na tarayya, harajin man ƙananan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, da kuɗin sayar da kadarorin gwamnati da ba a buƙata. Ba a je ko'ina ba aka ga ba su isa ba. Sai a 1968 aka yi wa dokar gyaran da ya sauya komai: aka ce a riƙa cike gurbin daga kuɗin da kamfanoni ke biyan gwamnati don haƙar mai da iskar gas a cikin teku. Hujjar da aka kafa ita ce, man da ke ƙarƙashin teku dukiyar kowa ce, kuma in aka zuƙe shi ya tafi kenan. Don haka a ɗauki wani kaso na kuɗinsa a mayar da shi wata dukiyar da za ta zauna, wato ƙasa. A lokacin an tsayar da asusun a kan dala miliyan 200 a shekara, aka ɗaga zuwa miliyan 300, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuma ya kai miliyan 900.

Asusun yana da hannu biyu. Ɗaya na gwamnatin tarayya ne, don sayen filaye a ƙara wa manyan gandayen ƙasa. Ɗayan kuma na jihohi ne, shi ne namu na yau. A dokar farko, kashi 60 cikin ɗari aka ware wa jihohi. Ga yadda abin ke tafiya. Ana raba kuɗin tsakanin jihohi, wani ɓangare daidai wa daida, sauran kuma bisa buƙata, musamman yawan jama'a. Kafin jiha ta taɓa kasonta, sai ta rubuta tsarin abin da mutanenta ke buƙata ta fuskar shaƙatawa, tana sabunta shi duk shekara biyar. Daga nan sai ta buɗe ƙofa, garuruwa da gundumomi su nema, a auna buƙatun, a zaɓa. Shi ya sa a idon ɗan ƙaramin gari, tallafin na jiha ne, domin ofishin jiha yake kai takardunsa, ko da yake asalin kuɗin daga teku suka fito.

Amma fa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asusun ba ya biyan fiye da rabin kuɗin aiki. A ce gari yana son gyara fili a kan dala 100,000, to sai ya nemo 50,000 nasa. Bayan haka, shi zai fara kashe kuɗin, ya kai rasidai, sannan a mayar masa da rabin. Ga babban birni mai haraji da ma'aikata, wannan ba wani abu ba ne. Ga garin da magajin garinsa manomi ne ko mai shago, akawun ofishin kuma mutum ɗaya, aiki ne ja. Abin da ya cece su shi ne dokar ta yarda a lissafa gudummawar da ba ta tsabar kuɗi ba. In wani dattijo ya ba da fili kyauta, za a ƙiyasta darajarsa a sa a cikin rabin garin. In mutane suka fito aikin gayya, ko wani ya kawo motar haƙa, shi ma ana iya lissafa shi. Da haka garuruwa da dama suka samu filin wasansu na farko.

Yanzu mu zo kan sharaɗin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan labarin nan. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai wani ɗan sashe a dokar, sashe na 6(f), da ya ce duk wurin da aka saya ko aka gyara da kuɗin asusun, ba za a mayar da shi wani abu daban da wurin shaƙatawar jama'a ba sai da amincewar ministan. Shi kuma ministan ba zai amince ba sai an kawo wani filin a madadinsa, wanda darajarsa a kasuwa ba ta gaza ta na farko ba, kuma amfaninsa da wurin da yake sun yi kusa da na farkon. Sharaɗin ba shi da wa'adi. Galibi ma ba iya inda aka kashe kuɗin yake tsayawa ba, dukan filin ake zagayewa a taswira. Wato in gari ya karɓi ɗan tallafi a 1972 don ya kafa lilo da banɗaki, filin nan gaba ɗaya ya shiga ƙarƙashin kariya har yau. Ana kuma sa ran jami'an jiha su riƙa zuwa dubawa duk bayan shekara biyar.

Wanda ya san waƙafi ba zai ji wannan baƙon abu ba. Dukiyar da aka yi waƙafinta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gādonta, kuma wasu malaman fiƙihu sun halatta a musanya ta da wata makamanciyarta idan maslaha ta kama. Kwatance kawai nake yi don a gane, waɗanda suka rubuta dokar 1964 nasu lissafin daban ne.

Shekarun 1970 su ne lokacin da tallafin jihohi ya fi ƙarfi. A 1979 ya haura dala miliyan 350 a shekara ɗaya. Da yawa daga cikin wuraren ninƙaya, filayen tanis da na besbol da ake gani a ƙananan garuruwa da wannan allon, a wannan zamanin aka yi su. Amma tun a 1976 aka yi wani gyara da bai yi ƙara ba a lokacin: aka cire tabbacin kashi 60 na jihohi, aka bar tabbacin cewa ɓangaren tarayya ba zai gaza kashi 40 ba.

Sannan akwai wani rami a cikin dokar tun asali. Kafin 2020, kuɗin suna shiga asusun a takarda, amma ba a kashe ko sisi sai majalisa ta amince a kasafin kowace shekara. Abin da ba ta amince da shi ba, sai ya tafi wasu hidimomin gwamnati. Daga kafa asusun zuwa 2019, sau biyu kacal aka fitar da cikakkiyar miliyan 900 ɗin, a 1998 da 2001. Jimillar abin da aka rubuta da sunan asusun amma ba a kashe a kansa ba ta haura dala biliyan 20, fiye da rabin duk abin da ya taɓa shiga.

Da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, ministansa James Watt ya rushe ofishin da ke kula da shirin, aka mayar da aikin hannun hukumar gandayen ƙasa. A kasafin 1982 jihohi ba su samu komai ba na sabbin ayyuka. Daga baya kuɗin suka ɗan dawo kaɗan-kaɗan, sai kuma daga 1996 zuwa 1999 aka sake rufe famfon, shekara huɗu a jere.

Nan ne ƙananan garuruwa suka ga ɗaya fuskar tallafin. Asusun yana biyan saye da gini, amma kuɗin kula da wuri, albashin mai gadi, yankan ciyawa, gyaran famfo, duk a wuyan garin suke. Wurin ninƙayar da aka gina a 1975, bayan shekara ashirin ya fara yoyo. Garin kuma wataƙila masana'antarsa ta rufe, matasa sun tafi birni, haraji ya ragu. Gyara ya gagara, kuma doka ta hana a sayar da filin a huta. Wasu garuruwan sun cike ramin da ƙasa suka shuka ciyawa, abin da doka ta yarda da shi muddin wurin ya ci gaba da zama na shaƙatawar jama'a. Magadan gari da yawa sun yi ƙorafin cewa an ɗaure musu hannu. Ƙorafin yana da tushe, amma ku lura: ginin ya lalace, filin yana nan. Ranar da kuɗi suka dawo, akwai inda za a zuba su.

Jihohi kuma da suka ga ba za a dogara da Washinton ba, sai wasu suka buɗe nasu hanyoyin. Texas ta daɗe tana cire wani abu daga harajin taba sigari don wuraren shaƙatawa, a 1993 ta koma kan harajin sayen kayan wasanni. Ita ma ta faɗa ramin da tarayya ta faɗa, 'yan majalisarta suka riƙa karkatar da kuɗin, har sai da masu zaɓe suka gyara tsarin mulkin jihar a 2019 da ƙuri'a kusan kashi 88 cikin ɗari, suka ce kuɗin su tafi inda aka nufa. Jihar tana da wani rukunin tallafi na garuruwan da ba su kai mutum 20,000 ba, don kada su yi takara da irin su Houston. Colorado a 1992 ta zaɓi kuɗin cacar tikiti ta gwamnati, Oregon ma ta bi wannan hanya a 1998. Na san da yawa daga cikinmu ba za su ji daɗin wannan ba, kuma ko a can akwai masu sukar cewa talakawa ne suka fi sayen tikitin. Minnesota kuwa a 2008 mutanenta suka ƙara wa kansu harajin saye da ɗan kaɗan na tsawon shekara 25, wani kaso na tafiya wuraren shaƙatawa da hanyoyin tafiya a ƙasa.

Kada in bar ku da tunanin cewa sashe na 6(f) katanga ce da ba a tsallakewa. Misalin da ya fi shahara daga babban birni ya fito, amma yana nuna ƙarfin dokar da iyakarta. A unguwar Bronx ta New York akwai wani fili, Macombs Dam, da ya taɓa samun tallafin asusun. Ƙungiyar besbol ta Yankees, ɗaya daga cikin mafiya arziki a duniyar wasanni, ta so ta gina sabon filin wasanta a kansa. A 2006 aka amince, mazauna unguwar suka kai ƙara ba su yi nasara ba. Sabon filin Yankees ya buɗe a 2009, amma babban filin da aka yi wa unguwar a madadi, a inda tsohon filin wasan yake, sai 2012 ya buɗe. Yaron da yake shekara goma lokacin da aka rufe wurin wasansu, ya kai sha shida kafin a cika alkawarin. Masu ƙarfi sun samu abin da suke so. Sai dai dole ta sa aka biya unguwar fili da fili.

An ba asusun wa'adin shekara 25 da farko, aka ƙara masa wasu 25, wanda ya kai shi ƙarshen Satumban 2015. Da lokacin ya zo, sai rigima ta tashi. Rob Bishop, ɗan majalisa daga Utah wanda ke shugabantar kwamitin da abin ya shafa, ya ce an karkatar da asusun zuwa sayen filayen tarayya an bar jihohi da ragowa. Wasu na ganin manufarsa ita ce a hana tarayya ƙara fili a yammacin ƙasar, amma ta fuskar lissafi, kason jihohi ya ragu ƙwarai da gaske. Wa'adin ya ƙare, a watan Disamba aka ƙara shekara uku, a 2018 ya sake ƙarewa. Sai a watan Maris na 2019 aka mayar da asusun na dindindin, aka kuma dawo wa jihohi da tabbacin aƙalla kashi 40.

Saura ramin nan na kasafi. A 2020 wasu sanatoci biyu na jam'iyyar Republican, Cory Gardner na Colorado da Steve Daines na Montana, suna fuskantar zaɓe mai zafi a jihohin da mutane ke son daji da kamun kifi. Suka shawo kan Shugaba Trump, wanda kasafinsa ya sha neman a zaftare asusun. Lokacin kuma korona ta rufe makarantu da gidajen kallo, mutane sun koma filayen unguwa. Majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 73 da 25, ta wakilai da 310 da 107, aka sa hannu ranar 4 ga Agusta, 2020. Daga nan miliyan 900 ɗin ta zama tana fita kowace shekara ba tare da jiran sabuwar amincewa ba. An shafe sama da shekara arba'in tsakanin rubuta wannan adadin da tabbatar da shi, kuma dala miliyan 900 ta yau ba ta sayen rabin abin da ta 1978 take saye.

Zuwa yanzu hannun jihohi na asusun ya tallafa wa ayyuka sama da 40,000, a kusan kowace gunduma ta Amurka. Matsalolin ƙananan garuruwa ba su ƙare ba: har yau sai sun nemo rabinsu, har yau garin da ba shi da wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi yana baya, kuma masu rajin kare muhalli suna tambayar ko ya dace filin yara ya dogara da ci gaba da haƙar mai a teku.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne: kuɗin sun zo sun ɗauke, gwamnatoci sun cika alkawari sun saɓa, amma 'yan layukan nan da suka ce in ka karɓa ba ka sayarwa, su ne suka yi aiki ko a shekarun da ba a ba da ko sisi ba. Da yawa daga cikinmu mun taso muna buga ƙwallo a wani fili da yau ya zama shaguna ko gidan mai. A Najeriya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, to duk lokacin da aka zo ƙaddamar da wani filin wasa ko wurin shaƙatawa a garinku, bayan an tambayi nawa aka kashe, a tambayi wace takarda ce ta hana gwamnati mai zuwa ta yanka shi, kuma wa zai biya mai kula da shi.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji daɗin shirin ya tura wa abokinsa na ƙwallon yarinta. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.